Sharar da Ta Hana Mu Rufin Aji

Shekara goma sha ɗaya ke nan da Allah Ya karɓi ran maigidana. Sunansa ban taɓa faɗa da bakina ba yana raye, ba kuwa a jarida zan fara ba. A unguwarmu, nan wajen Gwammaja, Malam Mai Hula ake ce masa, don wankin hula ne sana'arsa a Ƙofar Wambai. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Masu karatu ku yi haƙuri da rubutuna, karatun nawa na yaƙi da jahilci ne, shi ma da girmana na yi shi. Amma Allah Ya ba ni kunne, abin da na ji kuwa ba ya ɓace mini.

Gidanmu katanga ɗaya muka haɗa da makarantar firamaren unguwa. Ni ba mai fita ba ce. Na fi shekara ashirin a gidan nan ban taɓa taka cikin makarantar ba, amma na san ta kamar yunwar cikina. Ina tsakar gida ina tankaɗe zan ji ƙararrawa, in ji yara na bitar karatu, har in san malamin da ya zo da wanda bai zo ba, don ajin da babu malami hayaniyarsa daban ce. Da kunnen nan na ji yammacin da iskar farkon damina ta ɗaga kwanon azuzuwa uku na baya, ta nannaɗe shi kamar tabarma. Tun daga ranar, da hadari ya haɗo sai a kaɗa ƙararrawa a kori yara gida. Da rani kuma rana ta yi ta gasa musu ƙwaƙwalwa. Autarmu Binta tana aji huɗu, tana cikin waɗanda sama ce rufinsu.

Ana cikin haka soja suka koma bariki, farar hula suka hau. Ba zan manta ranar da Malam ya dawo daga zaɓe ba, yana ta nuna mini tawada a ɗan yatsansa kamar wanda aka sa wa lalle. Ya ce da ni, "Da can ba mu muka ɗora su ba, ba mu da bakin magana. Yanzu kuwa mu muka aike su." Ni dai na ce Allah Ya sa. A makon nan ya fara tara iyayen yara a zaurenmu, kowace Juma'a bayan la'asar. Ina daga ciki ina dama musu kunu, ba abin da yake wuce ni. Wani ya ce a roƙi benci, wani ya ce a ƙaro malamai, wani ya ce banɗakin 'yan mata. Malam ya ce duk gaskiya ne, amma wanda ruwa yake duka ba ya tambayar matashin kai, a rufe mana sama tukuna. A kan rufi aka tsaya.

Shi da ajami yake rubutu, sai wani tsohon malamin makaranta ya juya takardar zuwa boko. Yawancin iyayen ba su iya sa hannu ba, dako suke yi ko ƙananan saye da sayarwa, don haka Malam ya jiƙa bular da yake wankin hula da ita a murfin kwano, kowa ya dangwala yatsa. Takardar nan ta fito shuɗiya shar, kamar an yi ɓarin shuni a kanta. Wata da watanni yana rufe rumfarsa yana zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma. Yau a ce shugaba ya tafi gaisuwar mutuwa, gobe a ce mai makullin ofis bai zo ba. Masu huluna suka fara kai wankinsu wani wuri. Bai fasa ba. Yakan ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma dole a samu wanda zai fara sunkuyawa.

Wani lokaci nakan zauna in ce, da zai leƙo yau me zai gani? Zai ga kowa da waya a hannu. Jikokina sukan nuna mini hoton wata makaranta da ta rushe, yara a ƙasa, an yaɗa duniya ta gani. Ina jin da ya ce madalla, ga abin da na yi ta sintiri a kansa ya zo cikin tafin hannu. Sai dai na lura, ana kallo a yi tsaki, a shafa yatsa a wuce zuwa hoton biki. Ban sani ba ko a zamaninmu da muke ɓoyewa aka fi asara, ko yanzu da ake nunawa ba mai tsayawa.

To, bari in faɗi abin da ya sa na ɗauki alƙalami, don shi ne yake cin raina.

Ranar wata Laraba Malam ya shigo da fara'a har kunne. An ce gobe bayan azahar kwamiti zai zagayo, za su duba makarantu su rubuta waɗanda za a gyara. Da sassafe ranar Alhamis ya sa babbar rigarsa ya tafi sakatariya, wai ya tsare su kada su bi ta wata hanya su manta da mu. Bayan fitarsa maƙwabciyata Gwaggo Yagana ta shigo. Mutanen Barno ne, kakanninsu suka zauna a nan, mace mai tsafta har ta yi yawa. Ta ce, "Ke Hajara, mijinki ya gayyato manyan baƙi, kin kuwa je kin ga inda za a sauke su?" Na ce ban taɓa shiga ba. Ta ce in yafa mayafi.

Na shiga, na tsaya. Ni Hajara! Abin da kunne ya ji daban, abin da ido ya gani daban. Daɓen azuzuwa duk ramuka, kashin awaki ko'ina, bango ya yi baƙi da ruwan sama, bayan azuzuwan nan uku kuwa zarni ba ya barin mutum ya buɗe baki. Wallahi ba yaran na fara tunawa ba. Malam na tuna. Na ga shi tsaye da babbar riga a gaban manyan mutane, a cikin wannan ƙazanta, ana cewa unguwarsu ke nan. Kunya ta rufe ni kamar ni na yi kashin awakin. Mu a cikin birni haka muka tashi: ko tukunyarka ba ta hau wuta ba, in baƙo zai zo sai ka share ƙofar gida, ka aro shimfiɗa. Baƙonka annabinka. Rufin asiri ya fi cin abinci.

Ni na aika gida gida. Kafin hantsi ya ɗaga mata sun fi a ƙirga, kowa da tsintsiyarta. Muka share, muka yayyafa ruwa, muka cike ramuka da jar ƙasa. Aka kwaɓa farar ƙasa aka shafe bangon gaba. Mai unguwa da ya ji, ya ce Allah Ya yi mana albarka, kada a kunyata unguwa, ya sa aka ɗebo bencina daga makarantar Islamiyya aka jera a ajin farko. Mai hayar rumfunan biki ya ba da biyu kyauta, aka kafa su daidai inda za su tare azuzuwan da ba rufi, aka rataya tabarmi a baya. Hedimasta, bawan Allah, yana tsoron kada a ce shi ne bai iya riƙo ba, ya sallami yaran azuzuwan baya tun da wuri, ya bar masu sabon yunifom. Gwaggo Yagana ta kawo kasko uku na turaren wuta, irin wanda take ajiyewa don amare. Ni na yi dambu da zoɓo. Babu wanda ya yi da mugunta a cikinmu, ko mutum ɗaya.

Da baƙin suka iso na koma gida na tsaya jikin katanga. Na ji tsayuwar motoci, na ji yara sun yi waƙar maraba, na ji an yi addu'a, an yi gaishe-gaishe, dattijo bayan dattijo. Muryar Malam ce kawai ban ji ba, na ce ko daɗi ne ya hana shi magana. Can sai na ji ta, ƙasa ƙasa: "Ranka ya daɗe, akwai na baya. A daure a zagaya baya." Mai unguwa ya ce, "Haba Malam, a bar baƙi su sha ruwa tukuna." Aka buɗe kwanukan dambu. Suka leƙa ajin farko, na ji takunsu, bai fi na shiga da fita ba. Sai shugabansu ya yi gyaran murya ya ce, "Kai, ku kam ku gode wa Allah. Da kun ga inda muka fito! Ga benci, ga tsafta, har da ƙamshi. Irin wannan unguwa ake so, masu taimakon kansu." Aka yi tafi. Malam ya sake cewa a zagaya baya, ladan ya kira la'asar, suka ce saura makarantu da yawa a gabansu. Motoci suka tashi.

Ya shigo gida ya zauna a kan turmi, bai ko cire riga ba. Ni kuwa na kawo masa dambun da na ware masa, ina jiran yabo. Ya daɗe yana kallon farar ƙasar da ta bushe a hannuna. Sannan ya ce, "Hajara, wata nawa ina roƙon likita ya zo ya ga gyambo. Ranar da ya zo, kuka ɗaura masa sabon zane." Ya ɗan yi dariya, ya ce, "Amma sharar ta yi kyau." Ya ci dambun. Daga ranar har ya koma ga Mahaliccinsa bai ƙara tayar mini da maganar ba, wannan shirun kuwa ya fi mini zafi a kan a ce ya yi faɗa. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mun san karin maganar sarai, a bakinmu take, amma ranar wankan muka ɓoye.

Da sunayen makarantun da za a gyara suka fito, babu tamu. Ya koma sakatariya, aka buɗe masa takarda aka ce ga abin da kwamiti ya gani da idonsa, ko yana nufin ƙarya suka yi? Ya sake tara yatsu da bula, amma zauren ya fara raguwa. Masu ɗan hali suka kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kuɗi da suka fara tsirowa a lunguna, su ne kuwa masu bakin da ake ji. Aka bar 'yan dako da masu tura kura, su kuma in sun zo taro ranar ba su da na cefane. Binta ta gama aji shida a ƙarƙashin sama. Zaɓe ya zagayo, ya sake zagayowa, kowane karo Malam ya je ya dawo da tawada a yatsa, sai dai ya daina nuna mini.

Ba na cewa lallai da ba mu share ba da an yi rufin. Wataƙila da sun gani ma sun rubuta, takardar ta kwanta a wani ofis har yau. Binta takan ce da ni, "Umma, ki daina ɗora wa kanki, makarantu nawa ne ba a share ba kuma ba a gyara ba?" Gaskiyarta. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Dama ɗaya mutumin nan ya samu a duk wahalarsa, ni na share ta da tsintsiya, don ina son sa.

Yau azuzuwan nan uku babu su. Bangon ya jiƙe ya zube shekaru kaɗan bayan rasuwarsa, aka kwashe ƙasar, aka yanka wurin aka yi shaguna masu kallon titi. Su kam da rufinsu, sabon kwano mai sheƙi. Daidai inda Binta take zama injin markaɗe ne, tun safe yake ruri har magariba, ba na ko jin bitar yara sai an ɗauke wuta. Sauran yaran an cusa su a azuzuwan gaba. A rediyo kullum ina jin an ce ilimi kyauta ne, an ce za a yi, an kafa kwamiti. Da Malam yana nan na san abin da zai yi: zai jiƙa bula. Ban sani ba ko in ce Allah Ya rufa masa asiri da bai gani ba.

Me ya rage nasa? Itacen da yake ɗora hula a kai yana nan a zaure. Akwai wata leda cike da takardu masu shuɗin yatsu, rabin masu yatsun sun riga mu gidan gaskiya. Ba aji da sunansa, ba ko benci. Sai maganar nan guda ta gyambo da sabon zane, ita kuma a kunnena kaɗai ta zauna.

Watan jiya wata yarinyar maƙwabta, matar aure ce mai hankali, ta yi sallama ta ce, "Hajiya, gobe baƙi za su zo duba makaranta, an ce mata su fito a gyara wuri. A ara mana tsintsiya." Na zaunar da ita na ba ta labarin nan tun daga kan iska har kan dambu. Na ce ku bar musu shi yadda yake, ku kai su inda ya fi wari. Ta saurara da ladabi, har ta share ƙwalla. Sannan ta ce, "Wallahi gaskiya ne, Hajiya. To amma a ce baƙi su zo su same mu haka?"

Ni ma na san abin da take ji, yana nan a ƙirjina bai mutu ba. Washegari da hantsi aka ɗauke wuta, injin ya yi shiru. Ina zaune a tsakar gida na ji tsintsiyoyi ta bayan katanga, shar, shar, shar, kamar wancan karon. Jim kaɗan iska ta kawo mini ƙamshin turaren wuta.

Tawa tsintsiyar tana bayan ƙofa, ban bayar ba. Tsintsiya ɗaya ce ta ragu a cikinsu, ba wanda ya ma lura. Iyakar abin da na iya yi maka ke nan, Malam. Allah Ya kai haske kabarinka.