Ranar da Kawu ya kori ƙawar mahaifiyata daga gidan makokinta

Shekarun baya, lokacin da Allah ya yi wa mahaifiyata rasuwa, an yi wani abu a ƙofar gidanmu da ke unguwar Dilimi wanda har yau in na tuna shi sai zuciyata ta tafasa.

Mahaifiyata tumatir da attaruhu take sayarwa a kasuwar Laranto. Rumfar da ke jikin tata ta wata mata ce Kirista, 'yar asalin Filato, mai dankalin turawa da kabeji. Tun ina firamare suke tare. Kwano ɗaya suke ci, in ɗaya ta tashi salla ko ta tafi coci, ɗayar ce ke tsare mata kaya. Mama muke ce mata. Da ciwo ya kwantar da mahaifiyata a asibiti, Mama ce ke kawo gwaten acca da zafinsa, ta kwashe zannuwan jinya ta je ta wanko.

Washegarin jana'iza na raka wasu baƙi tasha. Ina dawowa na tarar da ƙanwata a bakin murhu tana feraya, tana wani kuka wanda na san ba na mutuwar ba ne.

Ta ce, "Yaya, Mama ta zo, Kawu ya hana ta shiga."

Kawun nan yayan mahaifiyata ne, a wani gari yake zaune. Duk tsawon jinyar nan ko sau ɗaya bai leƙo ba, sai dai waya, ita ma ba kullum ba. Amma ranar rasuwa shi ya kama tabarmar gaba, shi ke amsa gaisuwa. Ƙanwata ta ce yana ganin Mama da daro a ka, ba mayafi, sai ya ɗaga mata hannu ya ce nan gidan makokin Musulmi ne ba kasuwa ba, ta je an gode. Mama ta sauke daron, ta ɗan tsaya, ta goge ido da bakin zani ta juya.

Na ce, "Daron fa?"

Ta nuna mini abin da ke hannunta. "Dankalin da ke cikinsa ne nake ferewa. Kawu ya ce a shigo da shi a dafa wa baƙi."

Wato dankalinta ya halatta, ita ce ba ta halatta ba. Matar da ta wanke wa ƙanwarsa kayan jinya yana can yana shan shayi a garinsu.

Daga murhu zuwa ƙofar gida na shirya jawabin da na tabbata zai girgiza unguwa, har da aya da hadisi a ciki. Na fito na tsaya ƙiƙam a gaban dattawa. Buɗe bakina ke da wuya, abin da ya fito kawai shi ne, "Kawu, me ta yi maka?" Sai kuka ya ƙwace mini, ƙato da ni da gemu.

Kawu ya ce, "Kai yaro ne, ba ka san addini ba."

Limamin unguwarmu, wanda bai san abin da ya faru ba sai a lokacin, ya dube shi ya ce, "Malam, ba haka aka karantar da mu ba. Maƙwabci yana da haƙƙi, ko wane ne shi." Kawu ya ci gaba da jan carbinsa kamar ba da shi ake ba.

Da gari ya waye na hau keke zuwa Tudun Wada, unguwar su Mama. Ban taɓa zuwa gidanta ba, da tambaya na gano shi. Na same ta zaune a dakali, ashe tun ranar rasuwar ba ta fita kasuwa ba. Na durƙusa na fara ba ta haƙuri.

Ta katse ni. "Ɗana, na yi fushi, ba zan yi maka ƙarya ba. Ni ban zo cin shinkafa ba. Ina so in zauna a ɗakin shi ne kawai, in yi kukana."

Haka Hausarta take, mace ma "shi" take ce mata, mahaifiyata ta sha yi mata dariya a kan haka. Na ce ta tashi mu tafi. Ta ce ba ta son a yi faɗa saboda ita. Na ce ba faɗan da za a yi, ɗakin uwata ne, ni kuma ɗanta ne.

Muka sauka a ƙofar gida tabarmi cike da mutane. Na riƙo jakarta na wuce gaba. Da muka zo daidai Kawu sai Mama ta tsaya, ta rusuna ta ce, "Baba, ya haƙuri?" Ya amsa can ƙasa-ƙasa, "Da godiya." Muka shige.

Ta zauna a bakin gadon mahaifiyata ta yi kukanta har ta gaji. Daga nan ta shiga ba matan labarin yadda marigayiya ta taɓa bin wani ɗan dako da ludayi saboda ya taka mata tumatir. Tun da aka yi rasuwar, ranar na fara jin dariya a cikin gidanmu.

Kawu bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. Muna gaisawa, ina ba shi girmansa, amma ba zan ce muku abin ya daina sosa mini rai ba. Sai dai na samu abin da ya fi fushin. Na rasa uwa, kuma a makon nan na gane ashe ta bar mini wata. Mama ta tsufa yanzu, ta bar kasuwa, duk Kirsimeti ina kai mata yarana, duk Salla tana gidana. Na kuma gane cewa kusanci ba a jini kaɗai yake ba, a wahala ake gane shi.

Shi ya sa in aka yi rasuwa a unguwarmu, bakin ƙofa nake zama. Duk wanda na ga ya taho da jajayen idanu, ba na tambayarsa daga ina yake. Miƙewa nake in nuna masa hanyar ciki.