Yejebika, 'Yar Bushiya: Shekara Goma da Rasuwar Kawu Sani

Bana shekara goma ke nan da Kawu Sani, ƙanin mahaifiyata, ya rasu, amma har yau a unguwarmu ta New Bell ba wanda ya san shi da wannan suna sai mu 'yan gida. Kowa Ya-gode yake ce masa. A Rasha ya yi karatun injiniya, ya dawo yana mana surutun wasu ƙananan 'ya'yan itace da ake tsinka a dajin can, wai sunansu yagoda. Kunnen Bahaushe ya ji "ya gode", suna kuwa ya bi shi.

Yagoda iri-iri ce, kuma Kawu ba ya faɗin sunan ko ɗaya sai ya tono asalinsa. Zemliyanika 'yar ƙasa ce, domin a ƙasa take rarrafe. Cernika daga baƙi aka samo ta. Simorodina kuma daga ƙarfin warin ganyenta. Wadda ya fi so ita ce yejebika, 'yar bushiya, saboda ƙayar da ke jikin itacenta.

Matarsa, Tanti Hajara, ba ta taɓa yarda ba. "Vraiment, Malam, ka ji tsoron Allah," in ji ta. "Duk faɗin kasuwar Marché Central ban ga 'yar bushiya ba." Mu sai dariya. Shi ma yakan yi, amma na san abin yana cinsa, domin ya so a ce ko ita kaɗai ta gaskata shi.

Da yana raye yau, da unguwa ba ta zaunu ba. A watan jiya na ga yejebika a wani kanti a unguwar Kotto, baƙa, a daskare cikin roba. Na saya, na haye benskin, wato babur ɗin haya, sai gidan Tanti.

Ta jujjuya ɗaya, ta jefa baki, ta yamutse fuska. "Don wannan tsamin Malam ya cika mana kunne shekara da shekaru? Ai ɗinya ta fi ta!" Muka yi dariya har da hawaye.

Kawu bai bar gida ba, bai bar mota ba, kuma na daɗe ina tsoron kalmominsa sun bi shi kabari. Sai na ji Tanti tana jero su ɗaya bayan ɗaya, kowace da asalinta, ko tuntuɓe babu. Ta share ido, ta ɗauki ta biyu.

"Allah ya jiƙanka, Malam," ta ce. "Na yarda."