Akwatin da Ya Kusa Cin Aikina

Shekara shida na yi ina buga tafireta a wani ƙaramin shagon ɗab'i a Mubi kafin kwamfuta ta shigo mana. Ana gab da raba jihar Gongola ne maigidan shagon, wani Alhaji da kakanninsa suka zo daga Katsina, ya sayo wata ta hannu a Kano. Ranar da aka sauke ta har masu ɗinki na maƙwabta sun bar kekunansu sun zo kallo. Ni 'yar Michika da ke zaune a kusurwa ni aka ce in koya, na kuma koya cikin wata biyu, da littafi ɗaya da taurin kai.

Alhaji mutum ne mai girmama kayansa. Talabijin ɗin gidansa a cikin akwati take mai ƙofa biyu da makulli, don haka ya ga bai dace abin da ya fi ta tsada ya zauna tsirara ba. Ya kira kafinta ya ƙera wa uwar injin akwatin katako, aka lulluɓe shi da fomaika, aka bar 'yar ƙofa a gaba ta saka faifai da ramuka biyu a baya na wayoyi. Aka sa kwaɗo, makullin kuma yana aljihun Alhaji. Gaskiya akwatin ya yi kyau, har ni na yaba.

Lokacin sanyi komai lafiya. Da zafi ya shigo sai ta fara halinta. Ina tsakiyar rubutu sai gilashin ya yi baƙi, ta yi 'yar ƙara, ta tashi daga farko kamar ba ta taɓa sanina ba. Duk abin da ban ajiye a faifai ba ya tafi. Rana ɗaya sai ta yi mini haka sau huɗu.

Alhaji bai daɗe yana neman mai laifi ba.

"Malama, hannunki ne," ya ce. "Kin saba dukan tafireta kamar mai daka. Wannan ba ta son duka."

Na koma ina taɓa ta kamar mai shafa jariri, ba ta daina ba. Ya ce wuta ce, ya sayo na'urar daidaita wuta, ba ta daina ba. Sai ya dawo kaina. Ya ce akwai ɗan ƙanensa a Yola da ya yi karatun abin, in aka kai ƙarshen wata a haka zai kira shi, kuma shagon ba zai ɗauki mutum biyu ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na kuma ji tsoro, domin da wannan kujera nake riƙe da mahaifiyata da 'ya'yana biyu.

A makon ne matan zumunta na cocinmu suka kawo littafin waƙoƙin taronsu, shafi arba'in, suna so ranar Asabar. Ni na jawo su shagon da bakina. Ranar Laraba kwamfutar ta cinye mini waƙa uku a zama ɗaya, na fita bayan shago na yi kuka.

Da na dawo sai na daina roƙonta, na fara lura da ita. Da safe ba ta yi. Sai rana ta take, kwanon rufi ya ɗau zafi, sannan take farawa. Na sunkuya na kai hancina ramin wayoyin nan na baya, sai na ji wani ƙauri, irin na tukunyar da ruwanta ya ƙone aka manta da ita a kan murhu. Na sa yatsa, iskar da ke ciki ta kusa gasa ni. Duk macen da ta taɓa girki a ɗakin da ba taga ta san wannan zafin.

Na gaya wa Alhaji. Na ce, "Baba, wannan abu yana shan zafi ne. Akwatin ne ya toshe shi."

Ya dube ni kamar na zagi kakansa. "Akwatin da ke kare ta? Ke dai ki gyara hannunki."

Ranar Juma'a ya tafi masallaci, daga can kuma zai wuce gonarsa ta Sahuda. Makulli ya tafi da shi, amma kafinta da ƙusoshi masu murɗi ya ɗaure bayan akwatin. Na tsallaka titi wurin wani Bafulatani mai gyaran rediyo na ce ya zo da sukundireba. Ya yi ta jan ƙafa, yana cewa shi bai taɓa buɗe irin wannan ba, kuma yana tsoron Alhaji. Na ce in ta lalace ni na lalata.

Muka cire katakon baya, muka zaro ta, ya kwance murfin. A kusurwa akwai wani ɗan akwatin ƙarfe inda wayar wuta ke shiga, ya ce shi ne ke raba wa sauran kayan wuta. A jikinsa akwai 'yar fanka, ashe duk watannin nan katako take hura wa iska. Ya buɗe shi a hankali, ya nuna mini wasu 'yan gwangwanaye biyu da kansu ya kumbura.

"Wannan kam na san shi," ya ce, fuskarsa ta saki. "Kafasita ne, akwai shi a rediyo. Zafi ne ya dafa shi, Madam."

Ya koma rumfarsa ya tono irinsu daga wata tsohuwar talabijin, ya liƙa da dalma, ya ɗiga wa fankar man keken ɗinki. Muka ɗora ta a kan tebur haka nan ba akwati. Na kunna da addu'a a bakina.

Tun daga azahar nake buga sauran waƙoƙin, a tsakiyar zafin nan, ko gezau ba ta yi ba. Ina bugawa ina rera waƙoƙin, har na koma dukan madannan da ƙarfina na da, da gangan.

Wajen ƙarfe biyar Alhaji ya shigo da ƙurar gona a ƙafa. Ya ga akwatinsa a ƙasa baki buɗe, ya ga kwamfutarsa a waje. Kafin ya yi magana na miƙa masa shafi arba'in cif, na ɗora masa gwangwanayen nan biyu a kai. Ya juya su a tafin hannunsa. Ya kai hannu bayan injin ya ji iska na fita. Ya jawo kujera ya zauna yana jiran ta mutu, ni kuma na ci gaba da aikina. Ya yi kusan awa guda a wurin, ba ta ba shi abin da yake jira ba.

Bai ce na yi gaskiya ba, ba halinsa ba ne. Ya dai tura akwatin da ƙafa zuwa gefena ya ce in riƙa ajiye kwanon abincina a ciki. Sannan ya zaro makullan daga aljihu, ya cire na kwaɗon ya ba ni. Ya ɗan tsaya, ya cire na ƙofar shago ma ya ajiye kusa da hannuna.

"Gobe ki buɗe da wuri," ya ce. "Matan nan naki za su zo karɓar littafinsu."