Ranar da Kakana Ya Kwance Kara

Ina cikin tsintar shinkafa sai ƙarar ganga ta shigo ta taga. Lokacin gasar ƙwallon duniya ne, titunan unguwarmu ta Lusail sun cika da mutane masu fenti a fuska, wasu 'yan Afirka suna wucewa da kiɗa za su filin wasa. Ni dai ba mai fita ba ce. Tun da ɗana ya kawo ni Doha in taya matarsa renon yara, in ka cire asibiti da 'yan lokutan da aka ja ni Corniche, bakin teku, shan iska, ban san ko'ina ba sai kicin da falo. Amma kunnena bai tsufa ba. A cikin gangunan nan akwai wata mai siririyar murya kamar kalangu, ita ce ta sa na ajiye farantin.

Mu mahauta ne, gaba da baya. Gidanmu ƙamshin hayaƙin tukuba yake yi da ƙuli-ƙuli, kilishi a shanye a kan rumfa, mu yara aikinmu korar ƙuda da shirwa. Duk inda ka ga mahauta kuwa ka ga dambe. Kakana ya yi zamaninsa a fage tun kafin a haife ni. Hannunsa na dama, wanda 'yan dambe ke kira mashi, ya fi na hagu kauri, yatsun sun lanƙwashe ba sa miƙewa sosai, in zai ci tuwo sai ya yi ta fama da loma. Amarya yake ce mini. Kullum sai ya ce abincina ba gishiri, zai sake ni ya auri jikar maƙwabta, ni kuma in ce ai tsoho ne, ba mai son sa.

A garinmu ɗan dambe ba ya daina dambe a ɓoye. In ƙarfi ya ƙare, sai a jira bayan girbi, lokacin da rumbuna suka cika, gari ya sami sukuni. Zai naɗa karansa na ƙarshe, wato igiyar nan mai ƙulli da ake ɗaure hannu da ita, ya shiga fage makaɗi na yi masa takensa, ya zaga, sannan magajinsa ya fito gaban jama'a ya kwance masa da hannunsa. Wanda ya kwance shi ya gaji taken gidan. Kakana ya daɗe yana ja da wannan rana, don ɗa namiji guda gare shi, babana, shi kuwa hankalinsa yana wani wuri.

Wurin mai shayin bakin kasuwa akwai wata kalanda mai hoton wani ɗan damben Amurka, baƙi kamarmu, wai ma mai salla ne. Nan samari suke zama suna musun wane ne gwarzon gwarazan Amurkawa. Ni ina kawo wa mai shayin tsire da safe, in yi ta jan ƙafa don in ji. Wani ya ce wanda ya taka wata. Ƙanen liman ya ce ƙarya ne, ba wanda ya taka wata, a bayan gida suka ɗauki hoton. Wani tela ya ce ai mawaƙinsu ne, wanda mata ke suma in sun gan shi. Babana kuwa ba ya jin kira, shi dai na kalanda ne gwarzonsa.

Wata rana kakana ya biyo, ya tsaya ya ƙura wa hoton ido.

"Wannan ne? Mutum ya sa matashin kai a hannu biyu? To wanne ne mashin, wanne ne garkuwar?"

Aka yi dariya. Da a nan aka tsaya da shi ke nan. Amma babana da ƙuruciya a kansa ya ce, "Baba, wannan duniya ce ta san shi. Kai daga nan zuwa bakin gulbi aka san ka."

Mai shayi ya ci gaba da juya cokali a kofin da ba komai a ciki. Kakana ya karɓi tiren hannuna ya ɗora mini a ka, muka tafi.

Shekarar nan ya sa rana, ranar kasuwa bayan la'asar. Ya gaya wa Sarkin Fawa, ya aika wa tsohon makaɗinsa goro, ya kira babana har ɗaki ya gaya masa. Babana ya ce to. Sai ga shi ranar da hantsi wata mota ta shigo gari da majigi, ana shela da lasifika cewa za a nuna damben wancan na kalanda a ɗakin makaranta. Aka toshe tagogi da tabarmi don a yi duhu.

Ni na riƙe masa bakin igiyar yana naɗawa, tana warin tsohon gumi da man shanu. Da muka isa fage, ka san fagen da a da sai yara sun hau bishiya kafin su hango? Tsofaffi ne a kan buzu, sai Sarkin Fawa, sai mata masu tallan fura da ba su sami shiga makaranta ba. Makaɗi ya matse kalangu ya fara. Kakana ya tuɓe riga, fatar ƙirjinsa duk ta saki, ya ɗaga hannun nan sama ya zaga a hankali. Can daga makaranta kana jin ihu yana tashi yana sauka, yana danne kiɗan.

Makaɗi ya kira magaji. Ya sake kira. Aka tura yaro makaranta, ya dawo ya ce ƙofar a cushe take, ba a jin magana. Wani ɗan ƙanen kakana, mai kirki, ya taso don ya rufa asiri. Kakana ya ce, "Koma ka zauna, ɗana. Ba naka ba ne."

Da haƙori ya kama ƙullin. Ya daɗe yana fama, don haƙoran ma saura kaɗan, kuma ba wanda ya isa ya taimaka masa. Da ta kwance ya naɗe ta ya sa a aljihu, ya ce, "Amarya, mu je, rana ta yi sanyi."

Babana ya dawo yana tsalle a kan yatsun ƙafa yana naushin iska. Sai da ya ga makaɗi a zaure yana shan ruwa sannan ya tuna, ya daina tsallen. Kakana ya ce masa, "Wa ya yi kisa?" Ya ce na kalanda. Ya ce, "Madalla." Har ya koma ga Allah bai sake ɗaga maganar ba, kuma bai sake taka fage ko kallo ba. Igiyar kuwa, daga baya da ita ake ɗaure raguna a ƙofar gida.

Shekarar korona, da aka kulle mu a gida, yara suna karatu ta kwamfuta, sai na ji malamarsu ta ba su aiki: kowa ya zaɓi gwarzon Amurka da ya fi kowa. Jikana ya fassara mini. Wallahi mutanen nan dai ne na teburin mai shayi, na wata, da mawaƙi, da ɗan dambe, sai wani shugaban ƙasa da aka ƙara. Na ce masa, "Maigidana, kai ma fa kana da kakan kaka ɗan dambe." Ya ce, "Akwai bidiyonsa?" Na ce babu. "Hoto fa?" Babu. Ya juya ga kwamfutarsa.

A shekarar ne ciwon babana ya tsananta, jirage kuma ba sa tashi. A waya muka yi sallama. Rannan muryarsa ta dushe, ya ce, "Ke kina wurin ranar. Me makaɗin ya ce?" Na ja ƙofa, na yi masa taken tun daga farko yadda kunnena ya ajiye, sunan kakan kakanmu, da na kakana, har inda makaɗin ya ƙara sabon baiti na mai gado. Sai ya ce, "Ashe har da sunana a ciki."

In ka tambaye ni gwarzon Amurkawa, ba ni da ilimin zaɓe, amma a ba ɗan damben, ba na jin haushinsa. Bai san garinmu ba, bai aiko a kwashe mana mutane daga fage ba. Mutanensa sun riƙe nasu ne, suka ɗauke shi hoto, suka ɗora shi a mota har ƙofar makarantarmu. Mu muka bar namu yana kwance hannu da haƙori. Yanzu taken gidanmu a kaina kaɗai ya rage, yaran nan kuwa Hausarsu 'yar tsinta-tsinta ce. In na fara rera shi ina wanke-wanke, ƙaramar jikata sai ta leƙo kicin ta ce, "Kaka, khalas," wai ya isa da Larabci, "muna kallo."