Karen Ticha Iorwuese

Shekara talatin da huɗu Ticha Iorwuese ya yi yana koyar da lissafi a wata firamare a Gboko, goma na ƙarshe yana hedimasta. Ko da ya yi ritaya ba wanda ya daina ce masa Ticha, har matarsa Mbanengen. Dogo ne, ba shi da yawan magana, kuma zaman gida bai karɓe shi ba. Hawan jini ya kama shi, likita ya ce sai ya riƙa tattaki kullum.

Shi ya sa 'yarsu Nguveren, wadda ke aikin jinya a Makurdi, ta zo masa da jan kwikwiyo a cikin kwali.

"Baba, ga abokin tattaki. In ya yi daidai ka ba shi guntun kifi, haka ake koya musu."

Mbanengen ce ta sa masa suna Ahumbe, wato iska, don ba ya zama wuri ɗaya. Kafin ya cika wata shida ya tauna takalman Ticha na zuwa coci, ya janyo shanya daga igiya ya zaga gida da ita, ya tone kunyar doya har shida a bayan gida. Wata rana ana cikin dakan sakwara ya ɗora ƙafafunsa a bakin turmi. Mbanengen ta kore shi tana dariya har da hawaye.

Ticha bai yi dariya ba. Kowace safiya sai ya fito tsakar gida da busasshen kifi a aljihu.

"Zauna!"

Ahumbe ya zauna, ya karɓi kifi, ya hango ƙadangare a bango, shi ke nan an tashi darasi. In sun fita kuwa, karen ke gaba yana fizgar igiya, tsohon na biye yana haki. Maƙwabcinsu Tyokase, bakanike, wanda Ticha ya koyar tun yana ƙarami, yakan leƙo daga ƙarƙashin mota.

"Ticha, ina kwana? Wannan ɗalibin naka fa sai ya maimaita aji!"

Wata ranar kasuwa, bayan an ɗauke ruwa, Ahumbe ya ga akuya ya zabura. Ticha ya kifa cikin taɓo a gaban rumfar masu shan burukutu. Suka taso suka ɗaga shi suna ta sannu, amma ya ga yadda suke danne dariya. Da ya isa gida ko wanka bai yi ba, ya yanko tsumagiya daga bishiyar gwaiba.

"Ticha, kare ne fa, ba ɗan aji shida ba," in ji Mbanengen.

"Ki kula da tukunyarki."

Ya ɗaure Ahumbe da sarƙa a gindin mangwaro. Daga ranar babu sauran kifi. In ya yi tsalle duka, in ya ja igiya duka, in ya yi haushi ba dalili a hana shi abinci. Cikin wata biyu Ahumbe ya iya komai. A ce ya zauna ya zauna, a ce ya kwanta ya kwanta, a hanya yana bin bayan Ticha, wutsiya a matse. Tyokase ya daina tsokana, gaisuwa kawai yake yi.

Da farko Ticha ya ji daɗi. Sai ya lura karen ba ya cin abinci muddin yana ganinsa a tsakar gida, kuma da ya ji tarinsa sai ya saki fitsari. Wata Lahadi ya tsame nama daga miyarsa, ya durƙusa da ƙyar ya miƙa masa. Ahumbe ya jawo ciki a ƙasa, ya tsaya nesa, bai karɓa ba.

Nguveren ta zo hutun Kirsimeti. Ta kira karen bai taso ba, ta je ta shafa bayansa ta ji tabo a ƙarƙashin gashi. Sai da aka zauna cin abinci ta ambaci yayanta Terkula da ke Legas.

"Baba, haka Terkula yake yi in ya ji tarinka. Har ya shiga sakandare yana jiƙa wando."

Ticha ya ajiye lomarsa. "Da ban matsa masa ba, da ya zama injiniya?"

"Ya zama. Yaushe rabonka da ganinsa?"

Shekara tara ke nan rabon Terkula da gida. Mbanengen ta tashi ta kwashe kwanoni, alhali ba wanda ya ƙoshi.

Da za ta koma, Nguveren ta kwance sarƙar ta sa Ahumbe a bayan mota. Ticha yana tsaye a bakin ƙofa, bai hana ba. Daga nan ya daina fita tattaki, wai gwiwa ce ke damunsa. Duk ranar da ta bugo waya, bayan gaisuwa sai ya tambayi lafiyar karen.

"Yana cin abinci?"

"Yana ci, Baba."

"Yana tsalle?"

"Sai a hankali."

Da damina ta zagayo Ticha ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. Wata huɗu Mbanengen tana juya shi a kan gado tana ba shi kunu da cokali kafin ya rasu. Terkula ya zo jana'iza, ya kwana biyu a otal, ya koma.