Damina a Cikin Kwalba

Duk wanda ya yi sakandare a Isa kafin Malam Maliki Labbo ya yi ritaya ya san shi: malamin kimiyya mai farar rigar nan da ta koma ruwan ƙasa, wanda in ka ce masa yau ana zafi sai ya tambaye ka digiri nawa. Ɗalibansa gani suke da iliminsa aka haife shi. Ni kuwa taubashinsa ne. Uwarsa, Gwaggo Tasalla, ƙanwar mahaifina ce, kuma ɗaki ɗaya muka zauna da shi a kwaleji a Sakkwato shekara uku cur. Saboda haka ina da ikon tona masa asiri, kuma yau sai na tona.

Shi kimiyya yake karantawa, ni tarihi. 'Yan tatsuniya yake kiran mu. Da safe mu jiƙa gari da ƙuli a kwano ɗaya, cokalinsa ya fi nawa sauri, amma da ya lashe hannu ya zura farar rigarsa ta ɗakin gwaje-gwaje sai ya koma kallona kamar ni ne abin da za a gwada. Biro uku yake jerawa a aljihun gaba, ja da baƙi da shuɗi, ko famfo za shi. Famfon ma ba ruwa.

Na taɓa leƙa ɗakin gwaje-gwajen nasu don in ga abin da ke kumbura masa kai. Tukunyar gas ta ƙare tun suna aji ɗaya. Madubin ganin ƙwayoyin cuta guda ɗaya ne ga mutum arba'in, yana kulle a kabad, ta gilashi suke gaisawa da shi. Ranar da za su feɗe kwaɗo aka nemi kwaɗo a duk faɗin garin aka rasa, fari ya kore su, sai malamin ya zana shi a allo suka feɗe shi da biro. Maliki ya dawo ɗaki yana wanke hannu da sabulu.

In mun je hutu garinsu, Unguwar Lalle, da rigar yake sauka daga mota. Dakta ake ce masa. Mata su jawo masa akuya mai zawo, ya buɗe mata ido, ya faɗi wata doguwar kalma ta Turanci, ya ce a ba ta kanwa. Kanwar da ma ita za a ba ta ko bai zo ba.

Ina yi masa dariya, amma na san abin da ke rataye a wuyansa. Ubansa Labbo ya rasu. Yayyensa biyu sun tafi cin rani Kurmi tun farin bara, ko saƙo babu. Gwaggo Tasalla ce kaɗai a gidan, da rumbun da ake jin amsa-kuwwa in an yi magana a bakinsa. Takardar kammala karatun Maliki ita ce damina, ita ce kaka: in ya same ta a ɗauke shi koyarwa, tukunya ta hau wuta. Jarrabawa kuwa ba ta ba shi tsoro, haddace littafi yake yi har lambar shafi. Abu ɗaya ya rage, aikin binciken ƙarshe, wanda ba a ba kowa takarda sai ya yi shi.

A shekarar tamanin da huɗu ne. Malaminsu, Malam Wada, wani siririn mutum da ba ya ɗaga murya, ya raba wa 'yan ajin ma'aunin ruwan sama, ya ce kowa ya kafa a garinsu ya rubuta abin da ya sauka daga farkon damina zuwa ƙarshenta. Gwangwani ne na tagulla, da mazurari a bakinsa, da wani siririn gilashi mai zane-zane da ake juye ruwan a ciki a karanta.

Na raka shi kafawa. Ya auna ƙasa da taku, ya haƙa rami a bayan gida, ya kewaye da ƙaya saboda awaki, duk cikin farar riga. Dattawan unguwa suka tsaya kallo. Ɗaya ya yi gyaran murya ya ce, "Dakta, abin ga shi ka kiran ruwa?"

Maliki ya ce, "A'a Baba, aunawa shikai."

Tsohon ya ɗaga kai ya dubi sama, fes take ko gizagizai babu, ya ce, "To mi za shi aunawa?" Maliki ya yi kamar bai ji ba.

Matsalar ita ce lacca ba ta tsaya ba, dole mu koma Sakkwato, sai bayan mako biyu ko uku mu leƙo gida. Sai ya yi dabara, kuma ban hana shi yabo ba, dabara ce. Ya tara kwalaben lemo ya kai wa Gwaggo. Ya ce duk ranar da aka yi ruwa ta juye abin da gwangwanin ya tara a kwalba ɗaya, ta toshe, ta riƙe sunan ranar a kanta. In ya zo sai ya auna. Gwaggo ba ta san ko bihim ba a boko, amma ba ta mantuwa.

Zuwanmu na farko kwalba ɗaya muka tarar, da ɗan ruwa a gindinta wanda bai isa kurkurar baki ba. Ya juye a gilashi, ya kanne ido ɗaya, milimita uku. Ya zauna a kan turmi ya dafe kai. Ya ce, "Na shiga ukku. Mi za ni rubutawa? Takarda hwanko za ni kai musu? In babu ruwa cikin kwalaben ga, babu satifiket, shi ke nan an gama da ni." Da ni yake magana. Gwaggo tana gefe tana tsince wake, tana jin sa.

Zuwanmu na biyu, tun daga mota ido ya gaji da ganin abin tausayi. Geron da aka binne ya tsiro kamar tsawon yatsa ya ƙone a tsaye. Gulbi ya zama yashi, motarmu ta bi ta cikinsa. Ga mushen shanun Fulani a gefen hanya, ungulu ma sun ƙoshi sun bar saura. Muka shiga gida, sai ga kwalabe biyar jere a inuwar rumbu, kowacce cike har wuya, an toshe da tsumma mai tsabta.

Maliki ya yi tsalle har biro ɗaya ya faɗi. Ya auna ta farko, milimita ashirin da huɗu. Ta biyu ashirin da huɗu. Haka har ta biyar. Ya tambayi ranakun, Gwaggo ta lissafa masa: Litinin, Alhamis, Litinin, Alhamis, Litinin. Ya rubuta da baƙin biro ya ja layi da ja. Ni na dubi ƙasar tsakar gidan, ta tsattsage, na dubi kwalaben.

A zuwa na uku na gane wa idona. Ran Alhamis ce, da sassafe na ga Gwaggo ta ɗauki tulu na ce bari in taya ta. Rijiyoyin unguwa sun ƙafe, sai cikin gulbi. Mata ne birjik, kowacce ta tona rami a yashi ta durƙusa tana jiran ruwa ya tsattsafo, ta kwasa da ludayi. Kafin tulunmu ya cika hantsi ya dubi ludayin. Da muka dawo, Maliki ya tafi kasuwa a kira shi Dakta, ta bar ruwan ya kwanta, ta tace da ƙyalle, ta ɗauko kwalba ta cika. Ta duba, ta ga saura ɗan wuri a wuya, ta ƙara.

Na ce, "Gwaggo, mi kike yi haka?"

Ta ce, "Kai Yari, ba ka ji abin da Auta yac ce ba? In babu ruwa cikin kwalabe ba su ba shi takarda. Allah bai ba mu na sama ba, ya ba mu na ƙasa. Duk nashi na."

"To don mi sai kin cika hal wuya?"

Ta dube ni kamar na zage ta. "Malamanai za a kai ma. In aika ma manya abu rabi? A ce ɗan wa na?"

Na tambaye ta dalilin Litinin da Alhamis. Ta ce ai ranakun azuminta ne, tun da ba ta shan ruwa da rana, rabonta sai ya tafi kwalba, ba a tauye na girki ba. Ta faɗi haka tana toshe bakin kwalbar, kamar mai ba da labarin tsadar gishiri.

A mota na gaya wa Maliki komai. Ya gyara wuyan riga ya ce matsalar 'yan tarihi ke nan, jita-jita. Ya ce kimiyya ta tabbatar ruwa na iya sauka wuri ɗaya ya tsallake na kusa da shi, har ya faɗi sunan abin da Turanci.

Na ce, "Hal gida guda cikin unguwa?"

Ya ce, "Hal gida guda."

"Hal bayan gida, tsakar gida ba ta jiƙa ba?"

Ya ce in daina tsoma baki a fannin da ba nawa ba. Na ce to ya kurɓi kwalba ɗaya ya ji ɗanɗanon yashin gulbi. Ya ce ba a shan abin bincike.

A nan ne nake jin haushinsa har gobe. Maliki ba wawa ba ne, ya sani sarai. Shaidata ita ce bai taɓa tambayar uwarsa ba, don ya san Gwaggo ba ta ƙarya, da ya tambaya za ta faɗa masa kai tsaye kamar yadda ta faɗa mini. Ya fi son shafi cike da lambobi da jadawali mai kyau. Zuwan da ya biyo baya ma da ƙarin kwalabe ya je mata, wai kada su yanke. Ni ma ba zan wanke kaina ba: da na koma na ce wa Gwaggo ta bari, da ta bari. Na ji nauyin in ce wa tsohuwa wahalarta banza ce, na bar ta tana yi har kaka.

Ranar da za su kare aikinsu a gaban malamai na laɓe a taga. Littafin Maliki ya fi na kowa kauri, an yi masa bango mai ruwan ganye, zane kala uku. Wata 'yar ajinsu, Bilki, 'yar garin Turba, ta riga shi gabatar da ɗan siririn littafi, shafi bayan shafi sifiri ne, nan da can milimita huɗu ko bakwai. Maliki ya raɗa wa na kusa da shi cewa ta yi asarar takarda. Aka ce ta ci.

Da aka zo kansa Malam Wada ya daɗe yana juya shafuka. Sannan ya ce, "Maliki, ban da na hwarko, ruwa ashirin da biyu, ko wane milimita ashirin da huɗu, ba ragi ba ƙari. Kuma ba shi sauka sai Litinin da Alhamis. Hadarin garinku jadawalin lacca anka ba shi?"

Ɗakin ya kwashe da dariya. Maliki ya buɗe baki zai faɗi doguwar kalmar nan tasa, malamin ya ɗaga masa hannu.

"Shekara ta albarka kunka yi, ga lissahinka. Dami nawa kunka ɗaure?"

Maliki ya dubi ƙasa.

"Da sihiri ɗari irin na Bilki ka kawo min da ka ci. Sihirin muka nema, shi na shaidar abin da mutanenmu ka ciki. Kai kuma ka zo ka shaida min garinku ba a yi hwari ba." Ya rufe littafin a hankali ya tura masa. "Sai baɗi."

Baɗin ya ci, ba na hana shi wannan. Amma shekara guda ce aka ƙara wa gidan da rumbunsa ke amsa-kuwwa, kuma ba shi ne ya yi ta a Unguwar Lalle ba.

Ya so in je ni kaɗai in kai labari, na ce bai isa ba. Muka je tare. Karo na farko da na ga ya sauka daga mota da rigar a naɗe cikin jaka. Gwaggo ta ji sallamarmu ta fito da sauri. Ta rame har zanenta ya yi mata yawa. Ashe ta ɓoye ɗan gero a ƙasan tukunya tun watanni don wannan rana, ta dama fura, tana ajiye a rufe da faifai. Ta dubi hannun Maliki ba takarda, ta dubi fuskarsa, ta juyo gare ni.

Na ce, "Gwaggo, sun ce sai shi sake shekara."

Ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Ta murza bakin zanenta. Sai ta matsa kusa da shi ta rage murya, kamar mai jin kunyar laifin da ta yi.

"Auta, ruwan na ba su isa ba? Da ka hwaɗa min, ai da na ƙara kwanakkin azumi."

Mutumin da bai taɓa rasa doguwar kalma ba ya zauna a kan turmin nan, ya sa kai tsakanin gwiwoyi, kafaɗunsa na rawa. Ita kuwa ta ɗauko furar ta durƙusa a gabansa, tana lallashinsa ya sha kada ta tsinke.