Hannuwan Baba

Mahaifina mai goge ne tun a ƙasar Damagaram. Da ya iso Makka a ƙasa, ya tarar ba a kiɗa a cikin gari, sai ya kama sayar da ruwa a unguwar Misfala, gogen kuma ya kwanta cikin buhun gero. In kewa ta ishe shi, bayan alhazai sun watse, mukan hau jakuna zuwa wani kwari bayan Mina, inda ba mai jin mu sai awaki.

Wani yammaci muka tafi da yayana, wanda ya sayi akwatin ɗaukar hoto a hannun wani alhaji daga tsibirin Jawa, yana ta rawar kai da shi. Baba ya shafa ƙaro a izga, ya ja. Tsohon da garwar ruwa ta tanƙwara wa baya ya miƙe zaune, ya lumshe ido, yana kiɗan da ya yi wa uwarmu tun tana budurwa.

"Ɗauke ni haka," in ji shi. "Ka aika wa ƙanena gida, ya san ban mance ba."

Abin da ya roƙa ke nan, shi da bai taɓa roƙon mu komai ba.

Kafin hoton ya dawo daga wanki a Jidda, Baba ya riga mu gidan gaskiya. Na shigo ɗaki na iske Yaya da almakashi. Ya yanke gogen daga hoton, har da hannuwan da ke riƙe da shi, fim ɗin kuma ya jefa a murhu.

"Aib ne, ƙanwata, abin kunya! Mutum ya mutu a Makka, a gan shi da goge? Me mutanen gida za su ce?"

"Yaya, da gogen nan aka ciyar da kai a hanyar Sudan kana goye! An ci moriyar ganga, ko?"

Ya ce kalas, maganar ta ƙare. Kunya kuma ta hana shi aika hoto mai huji, ƙanen Baba ya mutu bai gani ba. Har yau in na tuna, raina tafasa yake.

Hoton yana wurina. Baba ido a lumshe, yana murmushi, ƙirjinsa huji. Jikokina kan ce, "Kaka, addu'a yake yi?"

Nakan ce a'a, goge yake ja. Ku gaya wa kowa.